Ƙwan Fitilar Mai Wayarin

Akwai wani ɗan abu da ya ɓace daga hannun masu gyaran wutar mota, wanda ban farga da ɓacewarsa ba sai a daminar da ta wuce, sa'ad da larura ta zaunar da ni a wani gareji a Kano tun daga hantsi har bayan la'asar, ina kallon yadda ake aiki a kan motata da ta sauran bayin Allah. Abin nan kuwa shi ne ƙwan fitila guda ɗaya tak, wanda aka liƙa wa waya biyu da dalma aka naɗe gindinsa da baƙin salatif, wanda a zamanin da na fara sanin gareji ba ka ganin mai wayarin face yana rataye da shi a wuya, ko kuwa yana leƙowa daga aljihun rigarsa mai maiƙo. Da shi ake neman wuta, da shi ake gane inda ta tsaya, da shi kuma ake yanke wa waya hukunci. A wannan yini kuwa, abin da aka fara ɗaukowa wata na'ura ce mai allo, aka jona ta a wani soket da ke ƙarƙashin sitiyari, sa'an nan mai gyaran ya zauna a kujerar direba yana karatu, bonet kuwa ko taɓa shi bai yi ba.

Abin da ya kai ni can al'amari ne mai ban al'ajabi ga duk wanda ya saba da motocin da. Injin motar lafiyarsa lau, ba ya tari ba ya hayaƙi, amma sauran jikinta ya fita daga ikon kowa: waifa takan tashi da kanta da rana tsaka alhali ko ɗigon ruwa babu, ƙofofi su kulle kansu su kuma buɗe, siginar dama ta yi aiki yau ta ƙi gobe, da asuba kuma in tarar batir ya mutu murus ko da yake sabo ne dal. Da abin ya kai ga hon ya ɓarke da kuka cikin tsakar dare har maƙwabta suka firfito, sai wani dattijo a masallacin unguwarmu ya ce da ni cikin raha, "Malam, wannan ba aikin bakanike ba ne, mai ruƙiyya za ka nemo mata."

Garejin da na nufa na san shi tun yana hannun mahaifin wanda ke riƙe da shi yanzu, wani dattijo mai ƙarancin magana, Allah ya jiƙansa da rahama, wanda ya yi zamani da Fijo 404 da 504, motocin da kamfanin Fijo na Kaduna, tun da ya fara harhaɗa mota a 1975, ya cika hanyoyin ƙasar nan da su. Har yanzu ina jin warin wurin a hancina: ruwan batir mai yaji, da ƙaurin robar waya wadda ta ci wuta, da hayaƙin dalma sa'ad da aka zaro ƙarfen liƙi daga cikin garwashi aka ɗora mata. Yakan shimfiɗa kwali a ƙarƙashin darbejiya, ya saurari ƙorafin mai mota har ƙarshe ba tare da ya katse shi ba, sa'an nan ya yi bisimilla ya nufi batir, domin a mazhabarsa ba a soma bincike daga inda mai mota ya nuna, daga inda wuta ta fito ake somawa.

Dalilin da ya sa ƙwai ɗaya ya ishe shi shi ne, wutar motar wancan zamani duk a zahiri take, babu baɗini a cikinta. Takan fito daga batir ta bi ta fiyus, ta isa makunni, daga makunni ta zarce zuwa fitila ko hon, sa'an nan ta koma gida ta jikin ƙarfen motar, kowane abu da hanyarsa daban, wadda ido ke iya gani hannu kuma ya bi. Saboda haka idan ƙwan ya kama a nan, aka matsa gaba kaɗan bai kama ba, to illar tana tsakanin wuraren nan biyu, babu makawa. Wannan kuwa ƙiyasi ne wanda mutumin da bai taɓa shiga aji ba zai iya yinsa, muddin Allah ya hore masa natsuwa. Kunne ma yana da rabonsa a cikin aikin. Ƙas-ƙas ɗin nan da sigina ke yi daga wani ɗan gwangwani yake fitowa, wanda a cikinsa akwai siririn ƙarfe da wuta ke ɗumamawa ya lanƙwashe ya yanke ta, ya huce ya koma ya sake haɗa ta, don haka da zarar ƙwai ɗaya ya mutu sai kiɗan ya canja, dattijon kuma ya san abin da ya faru tun bai zagaya bayan motar ba. A yawancin motocin yanzu wata 'yar lasifika ce ke kwaikwayon ƙarar nan, don kada direba ya manta da sigina a kunne. Yaran dattijon kuwa sukan daɗe suna kankare kan batir da miƙo sufana kafin a yarda su taɓa waya.

Sauyin da ya zo larura ce ta kawo shi, ya kamata a faɗi wannan saboda adalci. Da masu ƙera motoci suka shiga ƙara wa mota abubuwan jin daɗi, gilashi mai hawa da sauka da wuta, da ƙofofi masu kulluwa gaba ɗaya, da ƙararrawar ɓarayi, sai wayoyi suka yi yawa har damin da ke shiga ƙofar direba kaɗai da ƙyar yake wucewa, ga nauyi ga tsada ga wuyar harhaɗawa. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da mafita, ya bayyana ta a wani taron injiniyoyi a birnin Detroit na Amurka a 1986, tsarin da ake kira CAN, wato waya biyu rak da aka murɗe da juna, waɗanda saƙonni ke bi ta cikinsu tsakanin ƙananan kwamfutocin da aka rarraba a jikin mota. Babbar Marsandi ta 1991 tana cikin na farkon motocin da suka fito kasuwa da shi. Daga baya aka ware kwamfuta guda aka danƙa mata al'amuran jikin mota, fitilu da waifa da makullan ƙofa da gilasai da hon, ita ce akwatin da kanikawa ke kira BCM, masu Fijo kuma suka san irinsa da sunan BSI a 406 ta ƙarshe da 206 da 307. Misalin abin shi ne misalin garin da a da kowa ke zuwa wurin maƙeri ko mahauci kai tsaye ya biya bukatarsa, sai aka wayi gari an kafa doka cewa kowace bukata sai an kai ta fada, wakili ya saurara, ya duba ko ta halatta a wannan lokaci, sa'an nan shi ya aika a zartar. Makunnin da ke hannunka yanzu roƙo kawai yake kaiwa. Ranar da wakilin ya ruɗe kuwa gari duka ya ruɗe, ko da maƙeri da mahauci kowa lafiyarsa ƙalau.

Ɗan dattijon nan, wanda na sani tun yana yaro mai miƙo sufana, na yaba da yadda ya bi al'amarin. Soket ɗin da ya jona na'urarsa mai ramuka 16 ne, wanda Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tun daga 1996, Turai kuma ta bi sahu a 2001. Lambobin da ke fitowa a allon kowace da harafinta a gaba: P ta inji da giya ce, B ta jikin mota, C ta birki da ƙafafu, U kuma ta saƙonnin da suka ɓata tsakanin kwamfutoci, motata kuwa B da U ne suka cika allon. Bai tsaya a nan ba, sai ya ajiye na'urar ya ɗauko mita. Ya auna batir bayan an yi masa caji ya same shi a kan bolt 12.6, ya tayar da inji ya ga altaneta na ba da wajen 14, ya kwance wayoyin da ke ɗaure a jikin ƙarfe ya kankare su ya mayar. Sa'an nan ya kashe komai ya rufe ƙofofi, ya jira motar ta yi barci, gama kwamfutocin motocin yanzu sukan ɗauki mintoci kafin su saki wuta. A ƙa'ida abin da mota mai barci ke ja bai kamata ya wuce miliamfa 50 ko kusa da haka ba, tawa kuwa ta ƙi runtsawa sam, wannan shi ne sirrin mutuwar batir da asuba. Daga ƙarshe ya ɗaga kafet ɗin da ke wajen ƙafar fasinja, sai warin rima ya bugo mu. Ashe magudanar da ke gindin gilashin gaba, wadda ruwan sama ke bi ya zube ƙasa, ta toshe da ganye da ƙurar hunturu, ruwa ya sami hanya ya riƙa ɗiga a kan akwatin damina bayan damina, har haƙoran soket ɗinsa suka yi kore, tsatsa kuma ta ci hanyoyin tagulla da ke kan allonsa na ciki. Ya nuna mini ya ce, "Baba, ga shaida nan, yanzu kam na yarda a canza shi."

A zamanin mahaifinsa, in an kai nan magana ta ƙare: a aiki yaro kasuwa ya sayo, a ɗaura, a yi sallama. Yanzu kuwa nan ne farkon wahala. Wajibi ne lambar da ke jikin akwatin ta dace da ta wanda aka cire, domin mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, tana iya zuwa da akwati kala-kala gwargwadon abubuwan da aka sa mata. Sabo fil yana da tsada, saboda haka akasarin mutane na hannu suke nema a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko a aika Ladipo ta Legas. Na hannu kuwa da tarihinsa yake zuwa, yana riƙe da lambar motar da aka ciro shi daga cikinta, da sanin makullanta, a waɗansu motocin har da lissafin tafiyar da ta yi. Tun 1998 ƙasashe irin su Jamus da Ingila suka wajabta cewa sabuwar mota kada ta tashi sai ta gane wata 'yar ƙwayar lantarki da ke cikin kan makullinta, a motoci da dama kuma akwatin jiki ne ke tsakanin makulli da kwamfutar inji a wannan tantancewa, to in baƙo ne sai inji ya ƙi kamawa. Kanikawanmu ko su sayo akwatin jiki da na inji da makulli gaba ɗaya daga mota guda, ko su kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar tsohon su zuba a sabon in ruwa bai cinye ta ba, ko kuwa su goge na hannun su koya masa motar daga farko, abin da a wasu motocin ke bukatar lambar sirri wadda aka ba mai saye na farko a kan ɗan kati, katin da galibi ya ɓace tun motar ba ta hau jirgin ruwa zuwa ƙasar nan ba. Mu kwafewa ce ta fisshe mu. Kafin ya ɗaura komai kuwa sai da ya buɗe magudanar nan ya zuba ruwa ya ga ya wuce. Da aka gama, waifa ta natsu, ƙofofi suka dawo cikin hayyacinsu, batir kuma ya riƙa kwana da wutarsa.

Ba na cikin masu cewa da can komai ya fi, domin na ga da ɗin da idona. Na tuna safiyar hunturu da magidanta ke fitowa da 'ya'yansu da maƙwabta ana tura mota har ƙarshen layi kafin ta yi tari ta kama. Na kuma tuna cewa sauƙin nan da muke yabo shi ne ya buɗe ƙofar ganganci: fiyus ya ƙone, maimakon a nemi abin da ya ƙona shi sai a naɗa masa silin waya ko takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, wutar da ya kamata ta tsaya a nan kuma ta wuce ta dafa wayoyi a bayan dashbod, Allah kaɗai ya san yawan motocin da suka ƙone ƙurmus a gefen hanya ta wannan sababi. Ɓarawo kuma ba ya bukatar makulli, wayoyi zai fizgo ya haɗa ya tafi da dukiyar bawan Allah. Akwatin nan da muke kuka da shi ya toshe da yawa daga waɗannan ƙofofi, domin a motoci da dama shi ke kashe fitilar da ka manta, shi ke yanke wuta daga wayar da ta goge ta taɓa ƙarfe tun ba ta yi zafi ba, shi kuma ke gaya maka ƙwan baya ya mutu kafin ɗan sanda ya gaya maka.

Amma abin da aka karɓe mana a madadin waɗannan ni'imomi ba kaɗan ba ne. Motar da can in ta lalace a dajin da ke tsakanin gari da gari, direba da yaron mota sukan fito da filaya da guntun waya su lallaɓa ta har ta kai su inda za su kwana. Motar yanzu in ta ƙi gane makullinta, ko injinta sabo ne, sai a nemo janwe. Farashin akwati da na na'urar bincike da na sabunta manhajarta duk da dala ake lissafa su, alhali mai motar naira yake samu. Mafi nauyi a wurina shi ne cewa ilmin ya tashi daga hannun mai sana'a ya koma taskar kamfani, a buɗe wa wanda aka so a rufe wa wanda aka so. Wannan kuwa ba kukanmu ba ne mu kaɗai, gama a 2012 sai da mutanen jihar Massachusetts ta Amurka suka kaɗa ƙuri'a don tilasta wa kamfanonin mota su sayar wa ƙananan gareji bayanai da kayan binciken da suke ba dillalansu. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma a gareji yau yaron da ya yi sakandare, mai iya karanta Turancin da ke kan allo da neman zanen wayarin a intanet, yakan hango abin da ya ɓuya wa maigidansa, na kuwa sha ganin dattawa masu hannun albarka sun koma gyaran A Daidaita Sahu da janareto.

Wani abin tausayi shi ne, dabarun da suka kasance hikima jiya su ne suka zama guba yau. Cire kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji, wanda kanikawa da yawa suka gada daga iyayen gidansu, yana iya sakin wuta mai ƙarfi ta ƙona kwamfutocin mota cikin ƙiftawar ido. Haka jona batir da batir a juye, haka fere waya a ɗaura manyan fitilu a kan hanyar da aka auna wa ɗan ƙwai guda, haka sa bututun wanki har cikin kafet. Shi kansa ƙwan gwajin da nake begensa, in aka dangwala shi a kan wayar saƙo yana iya jan wutar da ta fi ƙarfin akwatin, saboda haka ajiye shi da aka yi a irin waɗannan wurare daidai ne.

Sai dai ɓarnar da ta fi yawa a yau, a ganina, tana fitowa ne daga sababbin masu gyara waɗanda suka sayi na'ura ba tare da sun nemi fahimta ba. Lambar da ta fito a allo alama ce kurum, cewa take yi saƙo bai iso ba ko wuta ta yi ƙasa a hanya kaza, ba ta ce akwati ya mutu ba. Batir mai rauni kaɗai yana iya cika allo da lambobi, haka wayar jikin ƙarfe da ta yi tsatsa, haka wayoyin da suka karye a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota saboda yawan buɗewa da rufewa, haka ɓarnar ɓera. Amma da yake canza akwati ya fi bin waya sauƙi, ya kuma fi kawo kuɗi, sai ka ga an yanke hukunci bisa zato, an bar jaki ana dukan taiki, mai mota ya biya kuɗin akwati da na koya masa mota, bayan ɗan lokaci ciwon ya dawo, a ce masa wanda aka sayo ɗin ne ba shi da kyau. Wannan taƙlidi ne tsantsa, kuma cin amana ne in da sani aka yi shi. Abin da ya raba mai gyaran da na je wurinsa da irin waɗannan shi ne tarbiyyar mahaifinsa, ta farawa daga batir da ƙin yanke hukunci sai an ga hujja, wadda ya ɗauko ya shigar cikin sabon aiki. Bukatar wannan usuli kuwa ƙaruwa ta yi, tun da kuskuren da a da fiyus ɗaya ne farashinsa yanzu yana iya cin albashin wata.

Ina kira ga ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, da kwalejojin koyon sana'a na jihohinmu, su haɗa dattawan wayarin da samarin kwamfuta a ƙarƙashin rumfa ɗaya tun dattawan ba su ƙare ba, a koyar da karatun zanen waya da aikin mita da Hausa, domin yawancin yaran da ke garejinmu da ita suke tunani. Kai kuma mai mota, in aka ce maka akwati ya mutu, ka nemi a auna batir da caji a gabanka, a nuna maka abin da ya kashe shi, a gyara wannan tukuna, sa'an nan ka karɓi tsohon akwatin ka adana, gama bayanan motarka suna cikinsa. Kafin ruwan farko ya sauka kuma, ka ɗaga bonet ka share magudanar da ke gindin gilashi.